Tarihin Kalmar Cryptogamia da Hayayyafar Gansakuka

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin kalma guda wadda ɗalibanmu na ilimin tsirrai suke haddacewa ba tare da sanin asalinta ba, wato Cryptogamia.

A shekarar 1735 ne masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya kasa tsirrai gida 24. Gidaje 23 ya gina su bisa gaɓoɓin namiji da na mace da ake gani a cikin fure. Sauran da ba su da fure, irin su gansakuka da naman kaza, sai ya tara su a gida na ƙarshe, ya raɗa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu: kryptos, ɓoyayye, da gamos, aure. Auren ɓoye ke nan. Abin lura a nan shi ne, sunan bai bayyana halin tsirran ba. Iyakar ganin mai raɗin sunan ya bayyana. Ya yi zaton akwai aure, amma bai shaida shi ba.

Abin mamaki, a cikin gansakukar da aka raina ne asirin ya tonu. A 1803 wani limamin kirista na Janiba, Vaucher, ya bayyana yadda zare biyu na gansakukar ruwan daɗi suke jeruwa, su miƙa wa juna 'yar gada, abin da ke cikin ɗaya ya malala cikin ɗayan. A 1854 Thuret, Bafaranshe, ya yi gwaji da ciyawar teku mai suna Fucus. Ya ware ƙwan mace shi kaɗai, bai tsiro ba. Da ya gauraya shi da ƙwayoyin namiji, sai ya tsiro. Duk manomin da ya san gwanda namiji ba zai yi musun wannan hujja ba. Sa'an nan a 1856 Bajamushe Pringsheim ya ga ƙwayar namiji tana shiga ƙwai a gansakukar Oedogonium, ta cikin madubin ƙara girma, kimanin shekara 20 kafin Hertwig ya ga haɗuwar a dabbar teku.

Daga nan ma'anar sunan ta mutu, amma sunan ya ƙi mutuwa. Masana sun daina ɗaukarsa gida na haƙiƙa, tun da an gano cewa naman kaza ya fi kusa da dabbobi bisa ga tsirrai, ga shi kuma gansakuka kanta ba zuriya ɗaya ba ce. Duk da haka ana amfani da shi don sauƙin magana.

A nan ne batun ya shafe mu. In muka fassara shi da auren ɓoye a littattafan makaranta, mun gado wa yaro duhun ƙarni na 18, har da wata ma'anar da ba mu nufa ba, don Bahaushe ya san abin da yake kira auren ɓoye. A ganina tsirrai marasa fure da iri ya fi dacewa, a bar kalmar Linnaeus ga darasin tarihi.