Matan da suka kai kuka ƙofar Annabi

  A wannan zama za mu koma Madina, mu tsaya a ƙofar ɗakin Manzon Allah (SAW), mu ga matan da suka zo da kukan gidajensu, mu ji yadda aka karɓe su. Muna yin haka ne saboda a garuruwanmu, idan mace ta yi yaji ta zo gida da kumburarren ido, kalma ɗaya ce ke jiran ta a bakin zaure: haƙuri. Ya kamata mu san ko ita kaɗai ce kalmar da ake faɗa wa mata a Madina.

Za mu fara da Haulatu ƴar Sa'alaba, matar Ausu ɗan Samitu, ɗan'uwan Ubadatu ɗan Samitu. Auren zumunci ne, sun daɗe tare, har Ausu ya tsufa, tsufa kuma ya zo masa da saurin fushi. Wata rana ta mayar masa da magana, ya hasala, ya kamanta ta da bayan mahaifiyarsa. Wannan shi ake kira zihari, kuma a al'adar Jahiliyya yana haramta mace ga mijinta. Ausu ya fita ya zauna majalisar mutanensa, zuciyarsa ta huce, ya dawo yana neman ta kamar babu abin da ya faru. Ta ƙi, ta rantse ba zai kusance ta ba sai Allah da Manzonsa sun yi hukunci. Ya nemi ya fi ƙarfinta, ta ture shi, domin tsoho ne mai rauni. Sannan ta shiga wajen maƙwabciya ta ari tufafi, ta kama hanya.

A lura da wannan aron tufafi. Mace ce da ba ta da ko mayafin fita na kirki, amma ta san tana da inda za ta kai ƙara. Ta zauna gaban Manzon Allah tana zayyana abin da ke ranta: ƙuruciyarta ta ƙare a gidan mutumin nan, ta haifa masa ƴaƴa, sai da shekaru suka ja haihuwa ta tsaya ya yi mata haka. Malaman tafsiri sun kawo cewa ta ambaci ƙananan yaranta, waɗanda in ta bar masa su za su tozarta, in ta tafi da su za su yi yunwa. Duk matar da ta taɓa kwana tana lissafin zama ko tafiya ta san wannan tsaka mai wuya. Nana A'isha tana gefen ɗakin, ta ce wasu kalmomin ma ba ta ji su ba saboda ƙasa-ƙasa matar take magana. Amma Allah ya ji. Haulatu ba ta bar wurin ba sai da aka saukar da farkon Suratul Mujadala, sura ta 58, wadda take buɗe izu na 55. Ayoyinta 22 ne, babu wadda sunan Allah bai zo a cikinta ba, kuma sunan surar kansa yana nufin jayayyar wannan baiwar Allah.

Hukuncin ya ɗora nauyi a kan wanda ya saki bakinsa: ya ƴanta bawa, in bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere, in bai iya ba ya ciyar da miskinai 60. A nan ne za mu ga zuciyar mace. Ita da ta kawo ƙara, ita ce ta koma tana nema masa sauƙi: ba shi da bawa, ya tsufa ba ya iya azumi, ba shi da abin ciyarwa. Annabi ya ce zai taimaka masa da ma'auni ɗaya na dabino, ta ce ita ma za ta ƙara masa ɗaya. Masu cewa macen da ta kai ƙarar mijinta ta daina son sa, su dubi Haulatu.

Labari na biyu ya fi nauyi. Sabitu ɗan Ƙaisu shi ne mai huɗubar Ansaru, sahabi ne da aka yi wa bushara da Aljanna, ya kuma yi shahada a yaƙin Yamama. Imamu Malik ya ruwaito cewa wata asuba Manzon Allah ya fito zai tafi salla, ya tarar da mace tsaye a ƙofarsa cikin duhu. Ya tambayi ko wace ce, ta ce ita ce Habiba ƴar Sahlu, kuma zama tsakaninta da Sabitu ya ƙare. A ruwayar Abu Dawuda an bayyana dalili: ya buge ta har ya karya mata wani sashe na jiki. Wata ruwayar ta ambaci matarsa Jamila, wadda ta ce ba ta zargin addininsa ko halinsa, sai dai tana tsoron ƙin da take yi masa ya kai ta ga saɓo. Wasu malamai suna ganin mata biyu ne, kowace da nata lokaci. Abin da ruwayoyin suka haɗu a kai shi ne Annabi bai ce ta koma ta daure ba. Ya sa ta mayar da abin da aka ba ta na sadaki, gona ce ta dabino, aka raba auren. Malamai da yawa suna cewa shi ne hul'i na farko a Musulunci. Darajar mijin a masallaci ba ta hana a saurari matar ba, mu kuwa sau nawa muke rufe bakin mace da cewa ai mijinta mutumin sahun farko ne?

Akwai kuma daren da mata suka taru. Da farko Annabi ya hana dukan mata. Sayyidina Umaru ya zo ya ce mata sun fara raina mazajensu, sai aka yi rangwame. Ba a jima ba mata masu yawa suka kewaye ɗakunan iyalan Annabi suna kai kuka, Ibnu Majah ya ce su saba'in ne. Da Annabi ya yi magana a kan lamarin, sai ya shaida wa jama'a cewa mazajen nan ba su ne zaɓaɓɓun cikinsu ba.

Mun san za a ce mana ai ayar Suratun Nisa'i ta ambaci duka. Haka ne, kuma ba mu tsallake ta. Amma mu ji yadda magabata suka karanta ta. Aɗa'u ɗan Abi Rabaha, muftin Makka, ya tambayi Ibnu Abbas wane irin duka ne wanda ba mai cutarwa ba, ya ce da asuwaki da makamancinsa. Shi Aɗa'u kansa yana ganin miji kada ya yi dukan sam, ya tsaya ga nuna fushi, kuma Alƙali Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, ya yaba da wannan fahimta. Ina asuwaki ina igiyar wuta, ina bulala, ina mari a fuska? Sama da duk wannan akwai shaidar Nana A'isha cewa hannun Manzon Allah bai taɓa dukan mace ba, bai taɓa dukan mai hidima ba.

Har a wajen zaɓen miji ya sa wannan a ma'auni. Faɗimatu ƴar Ƙaisu ta gama idda, Mu'awiya da Abu Jahmi suka fito neman ta, ta je neman shawara. Ya gaya mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuwa sandarsa ba ta sauka daga kafaɗa, a wata ruwayar ta Muslim an faɗa a fili cewa mai yawan dukan mata ne. Ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu, ta aure shi ta ji daɗin auren. Wannan ya ishi wanda ake tambaya halin manemi, yana sane yana yin shiru wai kada ya ɓata abin arziki.

Raunin harshe ma ba a raina shi ba. Nana Safiyya ƴar Huyayyu gajeruwa ce. Wata rana kishi ya sa Nana A'isha ta yi nuni da gajartarta, Annabi ya gaya mata cewa kalmar da ta faɗa da za a cuɗa ta da ruwan teku da ta gurɓata shi. A kan tsawo kawai ke nan. To, yaya mijin da kullum yake goranta wa matarsa rama ko baƙin fata, har ta koma sayen ƙwayoyin ƙiba da man shafe-shafe a kasuwa, ta lalata lafiyarta don ta tsira daga bakinsa?

Wannan tarihi bai tsaya a Madina ba, ya shiga littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu. A mazhabar Malik, idan cutarwa ta tabbata a gaban alƙali, ta duka ce ko ta zagi mai muni, mace tana da haƙƙin a raba auren, kuma Shaihu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa ba sharaɗi ba ne shaidu su ce abin ya maimaitu. A wannan hali ba ta mayar da sadaki. In kuwa rigima ta yi tsawo ba a gane mai laifi ba, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, su bincika su yanke.

Ita kuwa Haulatu ta yi tsawon rai. Malaman tafsiri sun kawo cewa a zamanin halifancin Sayyidina Umaru wata tsohuwa ta tare shi a hanya yana tare da jama'a, ta tsayar da shi tana yi masa wa'azi, ya sunkuyar da kai yana saurare har ta gama. Wani ya nuna mamakin yadda ya tsayar da manyan mutane saboda tsohuwa. Umaru ya ce masa wannan ita ce Haulatu wadda Allah ya ji kukanta daga saman bakwai, kuma da ta tsayar da shi har dare ba zai gusa ba sai don salla. A zama mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko labarin Barira da mijinta Mugisu.