Yadda Norwe Ta Mai Da Kifi Hajar Duniya

Duk wanda ya sauka a tsibiran Lofoten da ke can arewacin Norwe tsakanin Fabrairu da Mayu, ƙarnin kifi ne zai fara tarbarsa. A bakin teku an kakkafa dogayen rumfunan katako, kifin kod na reto a jikinsu dubu bisa dubu. Daga Tekun Barents kifin yake gangarowa a tsakiyar hunturu domin ya zuba ƙwai, masunta su tare shi. Ana cire kai da kayan ciki, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye. Ba gishiri, ba hayaƙi. Iska ce kawai da sanyi, sanyin da bai kai ya lalata tsokar ba, bai kuma bar ƙuda ya sake ba. Bayan wata uku kifin ya yi taurin da sai an sa masa zarto, kuma zai yi shekaru bai ɓaci ba. Mafi kyawunsa Italiya yake tafiya. Kawunan kuwa, da ake tsirewa a igiya a shanya daban, galibinsu Najeriya suke zuwa, inda Ibo ke kiran busasshen kifin okporoko, Yarabawa kuma panla.

Wannan ita ce tsohuwar hajar ƙasar, an kusa shekara dubu ana fita da ita. Wajajen 1360 fataken Jamus suka kafa zango a birnin Bergen, suna kawo hatsi suna tafiya da busasshen kifi, suka riƙe wannan ciniki kusan shekara 400. A 2024 ƙasar nan mai mutum miliyan biyar da rabi ta fitar da abincin teku tan miliyan 2.8, wanda kuɗinsa ya kai kurona biliyan 175, wato sama da dala biliyan 16. In aka ware mai da iskar gas, babu hajar da ke shigo mata da kuɗi kamar kifi.

Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai ɗauka kuɗin tallafi gwamnati ta yi ta narkawa har sana'ar ta kai haka. An narka kuɗin kam, amma a cikin duk abin da gwamnatin ta yi wa masunta shi ne ya fi ƙarancin albarka. Abubuwan da suka ɗore su ne doka, bincike da neman kasuwa.

Binciken ne ya riga sauran. A 1864 gwamnati ta tura wani matashin masani, Georg Ossian Sars, zuwa Lofoten ya gano dalilin da kod ke yawa bana ya yi ƙaranci baɗi. A ƙaramin kwale-kwale ya yi aikin, kuma shi ya tabbatar cewa ƙwan kod a saman ruwa yake yawo, ba a ƙasa yake kwanciya ba kamar yadda masana suka ɗauka. A 1900 aka kafa hukumar kula da kamun kifi a Bergen, a 1946 kuma Norwe ta ba sana'ar ma'aikata sukutum da ministanta, abin da babu ƙasar da ta riga ta yi.

Sai dai ilimi bai cika wa masunci tukunya ba. A ƙauyukan bakin teku na arewa akwai attajiran da suka mallaki komai: mashigin jirgi, ɗakunan kwanan masunta, kantin da ake cin bashin gari da ƙugiya, har rumfunan shanya. Masunci ya kwana cikin ƙanƙara, ya dawo da kifin da ba zai jira gobe ba, mai saye ɗaya ne a gabansa, kuma shi ne mai binsa bashi. Abin da aka yanka masa shi zai karɓa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930, farashi ya faɗi har kamun wata ranar bai biyan wahalarsa. A 1938 majalisa ta yi dokar ɗanyen kifi, wadda ta ce ba wanda zai sayi kifi daga hannun masunci sai ta ƙungiyar cinikin da masuntan kansu suka mallaka, ƙungiyar kuma tana da ikon yanke mafi ƙarancin farashi. Sisin gwamnati bai fita ba, amma ranar ce masunci ya daina zama bawan mai kanti. Akwai wata riba da ba a lissafa da ita ba a lokacin: tunda kowane kifi ta hannun ƙungiya yake bi, kowane kilo yana shiga littafi, kuma da wannan littafi aka samu damar sa ido kan kason kamun kowa daga baya.

Tallafin kuɗi ya kankama ne a 1964, lokacin da gwamnati ta ƙulla babbar yarjejeniya da ƙungiyar masunta ta ƙasa. Kowace shekara a zauna a yi ciniki kan abin da za a ƙara wa farashi da abin da za a rage wa tsadar kayan aiki, domin kada masunci ya koma bayan ma'aikacin masana'anta. Niyyar mai kyau ce. Amma a farkon shekarun 1980 tallafin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na darajar duk kifin da ake saukewa, jirage kuma sun yi wa teku yawa, ga injin jan taru da na'urar gano kifi a ƙarƙashin ruwa. Kifin herin, wanda ake gani kamar ba zai taɓa ƙarewa ba, ya ɓace a ƙarshen shekarun 1960, aka kusa shekara ashirin kafin ya dawo hayyacinsa. Ranar 18 ga Afrilu 1989 kuma hukuma ta dakatar da kamun kod a gaɓar teku, ana tsakiyar kakar kamunsa, domin kason shekarar ya ƙare. Mutanen arewa ba su manta da wannan rana ba.

Daga nan aka sauya hanya. Tun 1977 ƙasar ta shata iyakar ruwanta mil 200, ta kuma riga ta kafa kwamitin haɗin gwiwa da Tarayyar Sobiyet kan kifin Tekun Barents, kwamitin da bai daina aiki ba har da Rashar yau. A 1987 aka haramta zubar da kod da aka riga aka kama, a 1990 aka yanka wa kowane jirgi kasonsa. Tallafin kuma aka yi ta zabge shi har yarjejeniyar 1964 ta mutu a farkon 2005. Masunta sun ragu ƙwarai, ƙauyuka da dama sun yi kufai, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Waɗanda suka rage dai da cinikinsu suke rayuwa, ba da baitulmali ba.

Amma kifin da ya ɗaga ƙasar sama ba kamo shi ake yi ba, kiwonsa ake yi. A 1970 wasu 'yan'uwa biyu masunta a tsibirin Hitra, Ove da Sivert Grøntvedt, suka haɗa keji mai kusurwa takwas da ke yawo a kan ruwa, suka zuba 'ya'yan kifin salmon 20,000. Shekara na zagayowa suka kwashe, suka ci riba, labari ya bazu a gaɓar teku. Gwamnati ta yi saurin shigowa: dokar 1973 ta ce ba mai kafa keji sai da lasisi, aka kuma daɗe ana rarraba lasisin ga ƙananan masu jari a ƙauyuka domin kada manyan kamfanoni su haɗiye sana'ar tun tana jaririya. A daidai lokacin wasu malaman kiwon dabbobi, Harald Skjervold da Trygve Gjedrem, suka tattaro irin salmon daga koguna kusan 40 zuwa tashar bincike ta Sunndalsøra, suna zaɓen iyalan da suka fi saurin girma kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimin da zai bar wa garke. Cikin 'yan zuriyoyi saurin girman kifin ya ninka. Da cuta ta auka wa kejuna a shekarun 1980, har aka ba kifi maganin kashe ƙwayoyin cuta kusan tan 50 a 1987 kaɗai, binciken ne ya sake kawo mafita da allurar rigakafi. Yanzu kowane ɗan kifi sai an yi masa allura kafin a kai shi teku, amfani da maganin kuma ya faɗi da kusan kashi 99 cikin ɗari.

Kifi ya samu, saura mai saye. A 1985 ministan kamun kifi Thor Listau ya jagoranci tawaga zuwa Japan, daga nan aka ƙaddamar da shirin tallata abincin tekun Norwe a can. Japanawa na cin ɗanyen kifi a kan dunƙulen shinkafa, abincin da suke kira sushi, amma a lokacin ba sa kusantar ɗanyen salmon, domin na tekunsu yana ɗauke da tsutsa. An yi shekaru ana lallashi: a kai wa masu dafa abinci, a shirya liyafa a ofishin jakadanci, a nuna cewa na kiwo ba shi da wannan aibu. Bjørn Eirik Olsen, wanda ya riƙe ɓangaren kasuwa, ya samu kamfanin Nichirei ya karɓi tan 5,000 da araha bisa sharaɗin a sayar da shi don sushi. Yau da wuya a shiga gidan sushi a ko'ina a duniya ba a ga jan naman salmon ba.

Shekarar 1991 ta zo da ɗaci. An yi kiwo fiye da kima, farashi ya karye, Amurka ta ƙaƙaba harajin hana karya farashi, ƙungiyar cinikin masu kiwo da ta cika ɗakunan ƙanƙara da kifi don ta riƙe farashi ta durƙushe. A wannan shekara aka sassauta dokar mallakar lasisi, ƙananan masu keji suka fara sayar wa manya. A ita ce kuma aka kafa majalisar tallata abincin teku a birnin Tromsø. Mallakar gwamnati ce, amma kuɗin aikinta daga wani ɗan kaso ake cira, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, a kan duk kifin da ya bar ƙasar. Mai fitar da kaya shi ke biyan kuɗin tallar da za ta amfane shi.

Amfanin yawan kasuwanni ya bayyana sau da dama. Sin ta juya wa salmon ɗin Norwe baya bayan an ba ɗan adawa Liu Xiaobo kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2010, ba a shirya ba sai ƙarshen 2016. Rasha ta rufe ƙofa a Agustan 2014. Kifin ya nemi wasu hanyoyi, ciniki bai tsaya ba. Masu busasshen kifi, waɗanda masu sayen hajarsu ba su da yawa, sun fi jin jiki: yaƙin basasar Najeriya ya toshe musu babbar kasuwa a 1967, har aka koma aika kifin a matsayin agaji ga yaran da yunwa ta kama, sannan a 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa kifi cikin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati, bai janye ba sai Oktoban 2023.

Bunƙasar salmon tana da nata nauyi, kuma bai kamata a rufe shi ba. Kwarkwatar teku na hayayyafa a kejuna ta kama salmon na daji. Shi ya sa tun 2017 aka raba gaɓar ƙasar shiyya 13, inda kwarkwata ta yi yawa a tilasta rage kiwo. A 2023 salmon sama da miliyan 62 suka mutu a kejuna kafin su isa yanka, a 2024 kuma hukuma ta rufe koguna 33 saboda ƙarancin na daji. Abincin kifin ma abin dubawa ne. Akwai waken suya daga Brazil, akwai kuma man kifi, wanda wani ɓangarensa daga Muritaniya yake zuwa, inda ake niƙa ƙananan kifayen da talakan Afirka ta Yamma ke dogaro da su a miya.

A Satumban 2022 gwamnati ta ce lokaci ya yi da masu kiwo za su biya ladan ruwan da na al'umma ne, ta kawo shawarar ƙarin haraji na kashi 40 cikin ɗari a kan ribar da ake samu a teku. Hannayen jarin manyan kamfanonin salmon suka faɗi warwas a ranar, kamfanonin suka jingine ayyukan biliyoyin kurona, aka shafe watanni ana ja-in-ja. A ƙarshen Mayun 2023 majalisa ta amince da kashi 25, aka kuma tanadi kason da zai riƙa komawa ga ƙananan hukumomin bakin teku da kejunan ke cikin ruwansu.