Labaran Firgici Game da Waƙi'ar Mashigin Dyatlov

Wannan wani reshe ne na adabin ban tsoro wanda ya tsiro daga wata waƙi'a da ta auku a duwatsun Ural na ƙasar Rasha, zamanin Tarayyar Sobiyat, aka kuma shafe shekara sittin hukuma ba ta bayyana musabbabinta ba.

Asalin al'amarin shi ne, a daren 1 ga Fabrairu, 1959, waɗansu matafiya tara, maza bakwai da mata biyu, galibinsu almajiran makarantar fasaha ta birnin Sverdlovsk, bisa jagorancin Igor Dyatlov, suka kafa tanti a gangaren dutsen Kholat Syakhl, ba a sake ganinsu da rai ba. Sa'ad da masu cigiya suka riski tantin ran 26 ga watan, sai suka tarar an tsaga shi daga ciki, ga takalma da rigunan sanyi an bari, ga kuma sawun mutane ya gangara daji cikin ƙanƙara. Sanyi ne ya yi ajalin shida. Sauran ukun kuwa karayar haƙarƙari ko ta ƙoƙon kai, kuma daga cikin gawarwaki huɗun da sai a watan Mayu aka tono cikin wani kwazazzabo, akwai wadda ba harshe. An fara tuhumar ƙabilar Mansi, mafarautan wannan yanki, alhali babu wata hujja a kansu. Daga bisani mai bincike Lev Ivanov ya rufe shari'ar, ya jingina mutuwar ga wani ƙarfi na halitta da ya fi ƙarfinsu, bai ambaci ko mene ne ba.

Wannan shubuha ita ce jarin marubuta, domin duk inda hukuma ta kame bakinta, alƙalami yakan sami sarari. Na farkonsu, ɗan jarida Yuri Yarovoi, wanda da shi aka yi cigiyar, ya wallafa ƙagaggen labari cikin shekarun 1960, amma da yake zamanin tace littattafai ne, sai ya sassauta ƙissar har jagoran kaɗai ya mutu. Firgicin ainihi bai shigo ba sai bayan rushewar Sobiyat, lokacin da takardun binciken suka fito fili, Anna Matveyeva ta saƙa su cikin hikayarta, waɗanda suka biyo baya kuma suka yi ta ƙari da gwajin makamai na asiri, da baƙin halittu daga sama, da dodon ƙanƙara. A 2013 Renny Harlin ya fitar da fim ɗin Devil's Pass, a 2015 wasan kwamfuta mai suna Kholat ya fito daga Poland. Aibin da yawa daga cikinsu, a ganina, shi ne mayar da Mansi da wuraren ibadarsu abin tsoratarwa, bayan kuwa su ne suka taimaka wajen gano gawarwakin.

A 2020 masu gabatar da ƙara na Rasha suka zartar cewa zaftarewar ƙanƙara ce sanadi, a 2021 kuma Johan Gaume da Alexander Puzrin, masana a Suwizalan, suka nuna da lissafi yadda fallen ƙanƙara da iska ta tara zai iya suɓucewa ya danne masu barci. Waɗansu daga dangin mamatan ba su aminta da hukuncin na 2020 ba.