Haɗa kwamfutar aikin bidiyo a Salaga, Yendi da Bawku: kayan da za a saya da yadda ake auna gudunta

Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyon biki ko suna ko Maulidi a zango ya san cewa ɗauka ita ce mai sauƙi. Wahalar tana wajen zama a gaban kwamfuta ana jiran ta fitar da aikin, mai biki yana ta bugo waya, ga fargabar ɗauke wuta. Wannan fitarwar ita masu sana'ar ke kira rendarin: kwamfuta tana lissafa kowane firem, ta haɗa launi da rubutu da sauti, ta matse su cikin fayil guda. Wannan bayani na mai son ya haɗa kwamfutar tebur da hannunsa ne don irin wannan aiki a arewacin Ghana, kuma yawancinsa zai yi wa na Dapaong ko Tenkodogo ko Maraɗi amfani.

Rendarin iri biyu ne

Akwai na bidiyo, wato fitar da abin da aka tace a Premiere Pro ko DaVinci Resolve zuwa tsarin H.264 ko H.265. Akwai kuma na zane mai siffa uku, irin wanda ake yi da Blender, inda kwamfuta ke bin hanyar haske ɗigo bayan ɗigo, misali zanen gida kafin a gina shi ko tambarin talla mai juyawa. Na biyun ya fi cin ƙarfi nesa ba kusa ba.

Lissafin a fili yake. Bidiyo mai firem 25 a daƙiƙa yana da firem 1,500 a minti ɗaya. Idan kwamfuta tana ɗaukar daƙiƙa 40 kan kowane firem na zane, minti ɗaya tak zai ci awa 16 da minti 40. Idan tana gamawa a daƙiƙa 8, ya koma awa 3 da minti 20. Girman hoto ma yana da nasa: firem na 1080p ɗigo 2,073,600 ne, na 4K kuwa 8,294,400, wato ninki huɗu. Wanda kwastomominsa a waya za su kalli aikin bai da dalilin wahalar da kansa da 4K.

Inda kayan ke fitowa

Ba a cika samun sababbin sassan kwamfuta a kasuwannin garuruwan nan uku ba. Mutumin Yendi da na Salaga Tamale suke nufa, na Bawku kuma Bolgatanga ko kasuwar kan iyaka ta Cinkassé. Manyan kayan kuwa daga Kumasi suke zuwa ko daga Accra, musamman layin Tip Toe da ke Circle. Ɗan Salaga yana da wata hanyar, ta jirgin fito daga Yeji zuwa Makango. Garin da a ƙarni na 19 fataken Kano ke yin wata da watanni kafin su iso shi sayen goro, yau shi ke jiran saƙo a motar haya. A Bawku kuma dokar hana fita da aka sha sakawa saboda rikicin sarauta tana iya jinkirta kaya, don haka a yi odar komai a lokaci guda.

Duk inda aka saya, a tambayi kwana nawa aka bayar na mayarwa. Kada a tura kuɗi duka ta MoMo ga wanda ba a sani ba kafin wani naka ya ga kayan a kunne. Kayan da suka shigo ta ɓangaren ƙasashen Faransanci sukan zo da fulogi mai baki biyu zagaye da allon rubutu na AZERTY, alhali soket ɗin Ghana mai baki uku ne irin na Ingila. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, don haka canza wayar kawai ya isa.

Furosesa da uwar allo

Waɗannan biyun tare ake zaɓen su, domin kowace furosesa da irin mazauninta. Ryzen 5 3600 da 5600 na kamfanin AMD suna zama a AM4, mazaunin da ya fito a 2016, kuma suna aiki da RAM na DDR4. Sabon mazauninsu na AM5 da ya zo a 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa. Core i5-12400 na Intel yana zama a LGA1700, uwar allonsa kuma wata ta DDR4 ce, wata ta DDR5, ba a cakuɗa su.

A rendarin, yawan ƙwayoyin aiki da ke cikin furosesa shi ne babban abu, saboda ana rarraba musu aikin. Ryzen 5 5600 da i5-12400 kowacce ƙwaya 6 gare ta da layin aiki 12, kuma ga mai ƙaramin shago a nan kuɗi ya fi yin daraja. Akwai tarko guda: Ryzen 5 5600 da duk Intel mai harafin F a ƙarshe ba sa nuna hoto sai da katin hoto. Wanda bai da kuɗin kati tukuna ya nemi 5600G ko 12400 maras F.

Da yawa sukan fara da kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk. Suna da ƙarko, amma ƙananan cikinsu akwatin wutarsu na musamman ne kuma ba shi da ƙarfi, ga akwatin ya matse, babban kati ba ya shiga. Sannan Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama. Duk i5 ko i7 da lambarsa ta fara da 3 ko 4 ko 6 a cikin lambobi huɗu tsohon zubi ne, ko da mai shago ya rantse cewa i7 ne. Gaskiya ya faɗa, i7 ɗin ne, amma na shekaru goma ko fiye da suka wuce.

Katin hoto

A Blender, kati mai kyau yakan riga furosesa gamawa da ninki da yawa. Katunan RTX na Nvidia suna da sashe na musamman don bin hanyar haske, kuma Blender yana amfani da shi ta OptiX. RTX 3060 mai gigabait 12 yana jan wat 170. RTX 4060 yana jan 115 kawai kuma ya fi shi sauri, sai dai gigabait 8 gare shi. Wanda ke aiki da sola ko inbata zai fi son na biyun. Mai manyan zanuka zai fi son na farkon, don idan zane ya fi ƙarfin ma'ajiyar kati, aikin ya kan yi sanyi ƙwarai ko ya tsaya cak.

A yi hattara da RX 580, wanda ya cika kasuwar hannu bayan an daina haƙar Ethereum da kati a Satumban 2022. Yana da arha kuma yana buga wasanni, amma tun daga Blender 3.0 na ƙarshen 2021 injin Cycles ba ya aiki da shi. Akwai kuma katunan bogi, tsofaffi da aka canza wa suna, kamar GTS 450 da ake sayarwa a matsayin GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana yawan tona asirinsu, a buɗe ta a gaban mai sayarwa.

Ga mai bidiyo zalla, ba lallai sai babban kati ba. Intel mai nuna hoto tana da Quick Sync, Nvidia tana da NVENC, sassa ne da aka keɓe don matse bidiyo cikin sauri da wuta kaɗan. A fayil mai girma ɗaya hotonsu bai kai tsabtar wanda furosesa ta matse a nitse ba, amma da wuya mai kallo a WhatsApp ya ga bambancin.

Sauran kayan

RAM gigabait 16 ya isa aikin 1080p, 32 ya fi dacewa da 4K, kuma a sayi sanda biyu maimakon ɗaya don su yi aiki tare. A ɗora Windows da aikin da ake yi a SSD, a bar wa tsohon faifai mai juyawa ajiyar ayyukan da aka gama. Faifan hannu a duba lafiyarsa da awannin da ya yi aiki da CrystalDiskInfo.

Akwatin wuta shi ne inda mutane suka fi yin rowa, kuma shi ne idan ya ƙone yakan tafi da maƙwabtansa. Na wat 550 zuwa 650 mai shaidar 80 Plus daga kamfanin da aka sani ya ishi irin kwamfutar da muka zayyana. Wanda aka rubuta wa manyan lambobi amma ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar fankon ashana, ajiye shi.

Haɗawar kanta sukundireba ɗaya take buƙata. A ɗora furosesa da RAM da SSD a kan uwar allo tun tana waje, a daidaita alamar kusurwar furosesa da ta mazauninta ba tare da dannawa ba, a ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake, a cire ledar da ke ƙasan fanka kafin a ɗaura. A cikin akwati a tabbatar ƙafafun da ke ɗaga allo daga ƙarfe suna daidai ramukansu. Lokacin hunturu, da jiki ke tara lantarki, a riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa sassa. Idan akwai kati, wayar allon kallo a jikinsa ake sa ta.

Wuta, zafi da ƙura

Kamfanin NEDCo ne ke rarraba wuta a arewacin Ghana, bolt 230. Wanda ya ga dumso na 2014 da 2015 bai buƙatar a yi masa bayanin UPS. Abin lura shi ne lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce: ƙaramar 650VA takan ɗauki wat 360 zuwa 390 ne, kuma kwamfuta mai kati tana rendarin za ta iya kai wa nan. A nemi 1,000VA zuwa sama. Amfaninta mintoci ne na ajiye aiki a kashe lafiya. Mai Blender kuma ya riƙa fitar da zane firem-firem a matsayin hotuna, in wuta ta tafi sai ya ci gaba daga inda aka tsaya.

Zafi shi ne abin da alƙaluman intanet ba sa faɗa mana. Masu gwajin Turai da Amurka a ɗaki mai sanyi suke auna kayansu. A Bawku, watan Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙaru kusan shi ne zai ƙaru a kan furosesa. Idan ta kai iyakarta, wajen digiri 95 ga irin su Ryzen 5 5600X da 100 ga yawancin Intel, sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. Shi ya sa fanka mai tsayi da akwati mai raga a gaba suka fi fitilu masu launi amfani. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa hure ƙura akai-akai daga Disamba zuwa Fabrairu, a riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa.

Yadda ake aunawa

Manhajoji uku kyauta sun isa. Cinebench na kamfanin Maxon yana auna furosesa. A sigar R23, Ryzen 5 5600X takan samu maki wajen 11,000, i5-12400 wajen 12,000, Ryzen 9 7950X kuma wajen 38,000. Makin R23 ba a kwatanta shi da na Cinebench 2024, ma'auninsu daban ne. A bar gwajin ya yi mintinsa goma, domin a nan ne zafi ke nuna kansa. Blender Open Data yana gwada zanuka uku, ya ba da maki, kuma a shafinsa ana ganin abin da wasu masu irin kayanka suka samu. HandBrake kuma na bidiyo ne: a ɗauki fayil ɗaya na minti biyar daga kamararka, a matse shi da furosesa, a sake matsewa da Quick Sync ko NVENC, a rubuta lokaci da girman fayil.

Don kwatance ya yi adalci, sigar manhaja ta zama ɗaya, fayil ɗaya, saiti ɗaya, a rufe sauran shirye-shirye, a maimaita sau uku a ɗauki na tsakiya. A buɗe HWiNFO a gefe ana kallon zafi da gudu. A yi gwaji ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan azahar. Idan makin rana ya faɗi sosai, matsalar sanyaya ce, sabuwar furosesa ba za ta magance ta ba. Idan makin ya yi ƙasa da na sauran mutane safe da rana, a duba ko RAM na aiki a layi biyu, ko an kunna XMP a BIOS, ko Windows na kan tsarin tsimin wuta.

A ƙara lissafin mita. Kwamfutar da ke jan wat 350 na awa biyu ta ci yunit 0.7, wadda ke jan wat 150 amma ta yi awa shida ta ci 0.9. Ƙaramar na'urar auna wat da ake sawa tsakanin soket da fulogi ita za ta nuna ainihin abin da tāka ke ja, kuma da wannan adadin ne ake zaɓen girman UPS ko inbata.