Daga Fure zuwa Tangaran: Tarihin Adon Haƙori a Yammacin Zamfara

Tun zamanin da, Bahaushe bai ɗauki haƙori abin tauna kaɗai ba. A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Hausa, mata sun kasance suna goga furen taba a haƙoransu, su haɗa da goro, har baki ya yi ja wur. Maza kuwa asuwaki suka riƙe, domin sunna ne. Wushirya kuma kowa ya san abar yabo ce. Amma duk cikin waɗannan babu wanda ya kan taɓa jikin haƙori. Fure ya kan kankare, haƙori ya koma yadda Allah ya halicce shi.

Abin da ya sauya wannan al'ada shi ne aikin hajji. A da alhazai ta ƙasa suke bi, su ratsa Cadi da Sudan, su ƙetare Bahar Maliya, wani ma sai ya yi shekaru bai komo ba. Sa'ad da jirgin sama ya fara jigila daga Kano bayan 1950, aka kuma kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, sai masu zuwa suka yawaita, tsaraba ta yawaita. Cikin tsarabar har da haƙorin Makka, watau ɗan kwanso na zinariya ko na farin ƙarfe da a kan kifa wa haƙori. Mata sun fi son na zinariya, maza da yawa kuwa suka tsaya ga fari, saboda malamai sun hana namiji ado da zinariya. Da hajiya ta yi murmushi, ba sai an tambaya ba, an san ta je ta dawo.

Sai dai ado ba ya rasa wahalarsa. A kwanakin farko harshe ba ya barin wurin, kullum yana lalubensa kamar baƙo. In an goge haƙorin kafin a sa, ruwan randa da koko mai zafi su kan sa tsami. In kuma kwanson bai zauna daidai ba, tuwo ya kan maƙale ƙarƙashinsa, baki ya yi wari, haƙori ya ruɓe a ɓoye alhali bisansa na walƙiya.

A ƙasashen Turawa wata hanya aka bi. A 1928 wani likitan haƙori na Amurka, Charles Pincus, ya ƙago rufi na ɗan lokaci domin 'yan wasan sinima, wanda a kan cire in an gama ɗaukar hoto. A 1955 Michael Buonocore ya gano cewa in an ɗan zuba wa farin ɓawon haƙori asid, abin liƙi ya kan kama shi da ƙarfi. Bayan 1980 aka kai ga liƙa tangaran mai kaurin kamar rabin milimita, ya yi shekara goma ko fiye. Wanda aka yi wa ya kan ji bakinsa ya cika na 'yan kwanaki, sa'an nan ya manta. Amma dole ya bar fasa ƙashi da ɓare rake da haƙoran gaba, kuma ɓawon da likita ya kankare ba ya sāke tsirowa har abada. Bambancin biyun a fili yake: haƙorin Makka so yake a gan shi, tangaran kuwa so yake kada a gane shi.

Zinariyar da ta zama shaidar arziki a baki, mutanen Abare sun san wata fuskarta. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Abare da Dareta da Yargalma. Dalili kuwa, dutsen da a ke haƙowa domin zinariya yana da dalma, ana kuma niƙa shi cikin gidaje, ƙura ta sauka inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu. Aka kwashe ƙasar gidajen Abare tsakanin 2010 da 2011, ta Bagega kuwa sai a 2013. Dalmar da ta shiga jiki ta kan zauna cikin ƙashi da haƙora shekara da shekaru.

Saboda haka mai nazarin tarihin wannan yanki zai iske zinariya ta bar alama iri biyu a bakin jama'a, ɗaya a bisa haƙorin hajiya inda kowa ke gani, ɗaya kuma a cikin haƙoran yaran da suka tsira, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yan mata.