Daga Kufena Zuwa Dala: Tarihin Wata Tsohuwar Hanya Da Duwatsunta

1.0 Gabatarwa

Tsakanin dutsen Kufena da ke yamma da birnin Zariya da dutsen Dala da ke cikin birnin Kano akwai tafiyar kimanin mil 90. A yau mota takan cinye wannan nisa cikin 'yan sa'o'i kaɗan, amma kafin zuwan jirgin ƙasa tafiyar kwana biyar ce ko shida a ƙafa, ta cikin ƙasar da yanzu ta zama ƙananan hukumomin Kudan da Maƙarfi da Ikara, watau ƙasar su Likoro da Hunƙuyi da Gimi da Gubuci da Aucan, sa'an nan a faɗa ƙasar Kano ta wajen Bebeji. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan hanya, da duwatsun da ke bakinta biyu, da sunayen garuruwan da ke kanta, hujja ce ta tarihi mai zaman kanta, daidai da littafi ko ruwayar baka. Za a bi matakai huɗu da zaman jama'a ya taka a wannan yanki: zamanin dutse, da na ganuwa da zango, da na tasha, da na kwana da mararraba.

2.0 Irin Ƙasar Da Irin Duwatsunta

Ya kamata a fara rarrabe duwatsun, domin Bahaushe yakan kira su duka da suna ɗaya, alhali asalinsu dabam-dabam ne. Kufena da Madarkaci da Tukur-Tukur na Zariya ƙanƙararren dutse ne da masana ilmin ƙasa ke kira giranit, wanda ya samu shekara wajen miliyan 600 da suka wuce. Ruwa da iska sun share ƙasar da ke lulluɓe da shi, ya fito fili ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar sarari. Dala da Goron Dutse kuwa tuddai ne masu hular marmara, kuma a cikin marmarar nan ake samun tama. Dutsen Wai, a ƙasar Kubau maƙwabciyar Ikara, da duwatsun Riruwai a kudancin Kano, wani jinsin giranit ne da ya fi na Kufena ƙuruciya nesa ba kusa ba, shi ne kuma mai ɗauke da kuza. Dutsen yashi, irin wanda ke marmashewa idan an goga shi, sai an nufi ƙasar Sakkwato ko dutsen Bima a ƙasar Gombe.

Ƙasar da ke tsakanin Zariya da Kano shimfiɗaɗɗiya ce, mai jigawa da fadamu, fadamun da suka sa Maƙarfi ta yi suna wajen rake da mazarƙwaila. A nan ne kuma ruwa ke rabuwa gida biyu. Wanda ya gangara kudu ya faɗa Galma, daga nan Kaduna, daga nan Kwara. Wanda ya gangara arewa ya bi kogin Kano da Calawa zuwa Haɗeja, ya nufi tafkin Cadi. Matafiyi mai jaki ko takarkari yakan so doron ƙasa, inda rafuka ba su riga sun yi girma ba, balle da damina. A sarari irin wannan kuwa dutse shi ne alamar da ake hangowa tun daga nesa, kafin a ga ganuwa ko rimin gari.

3.0 Zamanin Dutse

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, aka kuma sa ta Hausa cikin Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu, bai fara da sarki ba. Ya fara da Barbushe, mazaunin Dala, mai kula da tsafin Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda wanda Palmer ya ƙiyasta farkon sarautarsa a 999. Binciken kimiyya ya ƙara tura zaman Dala baya, gama gawayin wata matoyar tama da aka samu a gindin dutsen ya nuna ana narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7.

A 1970 Abdullahi Smith, na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kawo ra'ayin da ya sauya yadda ake duban kafuwar daulolin Hausa. A ganinsa ba zuwan wani baƙon jarumi ne ya haifi birane ba. Jama'a ce ta yi ta taruwa a gindin duwatsu irin su Dala da Kufena da Turunku, saboda dalilai da ke ƙarfafa juna. Gindin dutse yana da damshi da ƙasar noma. Kansa mafaka ce ran tashin hankali, kuma wurin tsinkayar abokan gaba. Bugu da ƙari, a addinin gargajiya dutse mazaunin iskoki ne, saboda haka wanda ke riƙe da tsafin dutse yana da abin da zai jawo mutane daga nesa. J. E. G. Sutton, wanda ya yi nazarin kufan Kufena da ganuwowinta a shekarun 1970, ya bi sawun wannan tambaya a maƙalarsa ta 1979 a kan tarihin ƙasar Hausa, inda ya nemi a rage dogara ga jerin sunayen sarakuna, a koma ga abin da ƙasa da harshe ke nunawa.

Ba Kano da Zazzau kaɗai ba ne. Kwatarkwashi a Zamfara a gindin dutse take. A Birnin Kudu akwai zane-zanen shanu a jikin duwatsun Mesa da Habuɗe, a nan ne kuma Bernard Fagg ya gano duwatsu masu amo kamar ƙararrawa a 1955. Harshe ya adana wannan zamani cikin sunaye: Dutse, Dutsin-Ma, Dutsen Wai, Goron Dutse. Wannan shi ne sahun sunaye na farko, inda halittar wuri ke raɗa wa gari suna.

4.0 Zamanin Ganuwa Da Zango

Da jama'a ta yi yawa, dutse ya kasa ɗaukarta, sai aka gina masa na hannu. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda aka ƙiyasta zamaninsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, ganuwar da ta sa Dala a cikinta. A Zazzau ma ganuwa ta kewaye Madarkaci, wata kuma ta rungumi Kufena. Ruwayar Zazzau ta danganta tasowa daga Turunku zuwa mazaunin yanzu ga gidan Bakwa Turunku, wajen 1536, har yau kuma tsofaffin ganuwowi da dama ana kiransu ganuwar Amina. Abin lura shi ne birni bai guje wa dutse ba, jawo shi ya yi cikin gida.

Hanyar da ta haɗa biranen biyu hanyar yaƙi ce, hanyar ciniki ce kuma. Tarihin Kano ya ba da labarin Sarki Kanajeji, tsakanin 1390 da 1410, wanda ya kai yaƙi Zazzau ya sauka a Turunku aka kore shi, ya sake shiri ya komo ya kashe Sarkin Zazzau a Gadas. Ta fuskar ciniki kuwa, tufafin Kano da kanwa da gishiri da dawaki sukan yi kudu, bayi da kayan ƙasashen Nufe da Gwari su yi arewa. Ayari yana da tsarinsa: madugu shi ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana lura da sha'anin sauka da biyan kuɗin hanya, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro. Akan yi sammako, a sauka kafin rana ta take, saboda haka tazarar da ke tsakanin zango da zango ita ce abin da jaki mai kaya zai iya ci a wuni.

Hugh Clapperton ya bi wannan hanya a watan Yuli na 1826, tare da baransa Richard Lander, daga Zariya zuwa Kano, ya kuma rubuta sunayen garuruwan da ya ratsa gwargwadon yadda kunnensa ya ji su. A cikinsu ana gane Likoro da Aucan da Bebeji. Bayan shi Paul Staudinger ya taka ta a 1885, C. H. Robinson kuma a 1894. Amfanin rubuce-rubucen nan ga ɗalibin tarihi shi ne sun nuna garuruwan da ke kan gwadabe a lokacin, waɗanda wasunsu yanzu sai an ratse daga titi kafin a same su.

A ƙarni na 19 dutse ya sake nuna ƙarfinsa ta wata fuska. Malaman da suka yi tawaye ga Kano a shekarun 1840, ƙarƙashin Malam Hamza na Tsakuwa, cikin duwatsun Ningi suka shige, inda dokin yaƙi ba ya da amfani. Daga can magadansu suka yi shekaru suna kai hari kudancin Kano da gabashin Zazzau. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya nuna yadda tsoron mahara da masu satar mutane ya cika rayuwar ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau, da yadda mutanen rinji kan ruga cikin gari mai ganuwa. Sunayen wannan zamani su ne sahu na biyu: Birnin Kudu, Birnin Gwari, Zangon Aya, Zangon Katab. Aikin da wuri ke yi wa matafiyi, kariya ko masauki, shi ya zama sunansa.

5.0 Zamanin Tasha Da Kwana

Rundunar ƙarshe da ta taka wannan hanya ita ce ta Turawa. Kanar Morland ya tashi daga Zariya ran 29 ga Janairu 1903, ya fasa ƙofar Bebeji da igwa ran 1 ga Fabrairu, ya ci Kano ran 3 ga wata, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Kwana shida ke nan, kusan daidai da tafiyar fatake. Igwa ta kashe amfanin ganuwa, bayan shekara takwas kuma dogo ya kashe amfanin zango. Layin Baro ya isa Kano a 1911, da tashoshi irin su Likoro da Gimi da Ɗangora da Madobi, tafiyar kwana shida ta koma ta wuni guda. Ƙaramin layin da aka gama a 1914 daga Zariya zuwa Bukuru, domin kwasar kuza, ya bi ta Dutsen Wai, aka kuma rufe shi a 1957.

Kasuwa takan bi hanya, mutane su bi kasuwa. Masu awon gyaɗa da auduga suka kafa sikeli a bakin dogo, sababbin unguwanni suka tsiro nesa da tsohon gari. Da titin mota ya karɓe ciniki daga hannun jirgi, sai aka sake ƙaura zuwa bakin kwalta. Tashar Yari a ƙasar Maƙarfi, da Kwanar Ɗangora a ƙasar Kano, da Mararrabar Jos kusa da Kaduna, su ne sahu na uku da na huɗu. Kalmomin tasha da kwana ma aro ne daga Turanci. Wanda ya jera Dutsen Wai da Zangon Aya da Tashar Yari da Kwanar Ɗangora ya karanta tarihin zaman jama'ar yankin cikin sunaye huɗu, daga abin da Allah ya kafa zuwa inda direba ke karya kan mota.

6.0 Abin Da Ke Salwanta

A Ingila akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon mil 34 a gundumar Cheshire, wadda aka buɗe a 1974. Tana bin doron duwatsun yashi daga Frodsham zuwa Whitchurch, ta ratsa kufan garuruwan kan tudu na zamanin ƙarfe da gindin ganuwar Beeston, a wasu duwatsun kuma matasa na hawa domin motsa jiki. Abin da ya ba da damar yin ta shi ne wata doka ta 1949, wadda ta wajabta wa hukumomin gundumomi su sa kowace turbar jama'a cikin taswira, yadda mai gona ba shi da ikon toshe ta.

A nan kuwa Kufena tana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, akwai kuma Hukumar Gidajen Tarihi da aka kafa da doka ta 77 ta 1979. Sai dai doka ta san dutse ɗaya-ɗaya, ba ta san hanyar da ta haɗa su ba. Garma tana cin burtali taƙi-taƙi kowace damina. Ana haƙar ƙasar ganuwa ana yin tubali. Masu fasa dutse suna mai da fa tsakuwar gini, tare da guraben niƙa da ke kanta, waɗanda su ne shaidar cewa an taɓa zama a wurin. Mafi saurin tafiya duka su ne tsofaffin da suka ji sunayen zangon fatake da rijiyoyinsu daga bakin kakanninsu.

7.0 Kammalawa

Wannan aiki ba ya yiwuwa daga cikin ɗakin karatu kaɗai, gani ya kori ji. Jami'ar Ahmadu Bello tana a bakin hanyar daga kudu, Jami'ar Bayero tana a bakinta daga arewa. Da sassan Hausa da tarihi da labarin ƙasa na jami'o'in biyu za su raba tazarar zango-zango, kowane ɗalibin digiri na biyu ya ɗauki tafiyar wuni guda, da izinin hakimai da dagatai da rakiyar mutanen gari, da an sami abin da babu shi a rubuce yanzu. Abin da za a nema a fili yake: sunan kowane dutse da fa da rafi da kufai yadda mutanen wurin ke furta shi, da ruwayar asalinsa, da inda tsohon gwadabe ya bi, a gwada da jerin garuruwan Clapperton da Staudinger. A tambayi mafarauta da makiyaya da maƙera, a tambayi Maguzawan yankin, domin su ne suka fi daɗewa da riƙe sunayen duwatsu. Ɗalibin da ya fito daga Gubuci ko Aucan ko Likoro ya fi kowa dacewa da wannan aiki, tun da tsofaffin da za a tambaya iyayensa ne.