Shaidar Bertillon a Shari'ar Dreyfus

A shekarar 1894 aka tsinci wata takarda cikin kwandon shara a ofishin jakadancin Jamus da ke Paris, ɗauke da jerin asiran sojan Faransa, ba kuwa sa hannu. Zargi ya faɗa kan Kyaftin Alfred Dreyfus, wani hafsa Bayahude, sai aka kirawo masana rubutun hannu.

Gobert, masanin Babban Bankin Faransa, ya ce yana da shakka. Shi kuwa Alphonse Bertillon, wanda aikinsa awon jikin masu laifi ne, ba duba rubutu ba, ya kafe hannun Dreyfus ne. Inda haruffa suka saɓa, sai ya ce ai da gangan Dreyfus ya jirkita rubutunsa. To jama'a, in kamanni hujja ne, saɓani ma hujja, ta ina mai gaskiya zai kuɓuta?

Aka kai Dreyfus kurkukun Tsibirin Shaiɗan. A 1896 Laftanar-Kanar Picquart ya gano rubutun na Manjo Esterhazy ne. Charavay, ɗaya daga cikin masanan farko, ya tsaya gaban kotu a 1899 ya amsa kuskurensa, abin da nake ganin ya cancanci yabo. Bertillon ya ƙi. An wanke Dreyfus a 1906, Bertillon kuwa ya mutu a 1914 bai janye shaidarsa ba.